Ed Headrick: Mutumin da ya fito da wasan attajirai zuwa lambun talakawa

Da wuya a samu wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa bai taɓa wulla murfin gwangwani ko tsohon faifan iyayensa mata a iska ba, yana kallon yadda yake shawagi kafin ya faɗi. Mafi yawanmu mun bar abin a nan, a matsayin ɓarnar yara da ke jawo faɗa a gida. Amma a Amurka an yi wani mutum da ya ɗauki wannan wasa da gaske, ya gyara faifan, ya ƙera masa wurin faɗawa, ya tsara masa dokoki da ƙungiya, har ya zama wasan da ake yi yau a filaye fiye da dubu goma sha biyar a faɗin duniya. Sunansa Ed Headrick, kuma shi ake kira uban ƙwallon lambu na faifai. Ya rasu a shekarar 2002, amma tarihinsa na ɗauke da darasi ga ma'aikacin da ke zuba basirarsa a ma'aikatar wani, da ɗan kasuwar da ke neman abin da zai karɓu, da kuma hukumomin da aka damƙa wa amanar filayen jama'a.

Tasowarsa

An haifi Edward Headrick a ranar 28 ga watan Yunin 1924 a garin South Pasadena da ke Jihar Kalifoniya. Ƙuruciyarsa ta faɗo a zamanin karayar tattalin arzikin da ta addabi Amurka a shekarun 1930, samartakarsa kuma ta yi karo da Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi aikin soja a fagen fama na Turai. Da aka kwance ɗamara ya koma gida ya shiga neman abinci kamar kowa. Ya yi aikin walda a ƙarƙashin ruwa, sana'ar da ke buƙatar natsuwa da ƙarfin zuciya, ya kuma yi tallan tankunan dafa ruwan wanka. Har ya kai shekara arba'in babu wanda ya san shi a fagen wasanni, babu kuma alamar cewa sunansa zai shiga tarihi.

Sai dai waɗannan sana'o'i biyu sun yi masa rana daga baya. Walda ta koya masa sarrafa ƙarfe, talla kuma ta koya masa karanta zuciyar mai saye. Da su ya ci gajiyar sauran rayuwarsa.

Shigarsa kamfanin Wham-O

A garin San Gabriel, kusa da inda ya taso, akwai kamfanin kayan wasan yara mai suna Wham-O, wanda abokai biyu, Richard Knerr da Arthur Melin, suka kafa a 1948, suna ƙera danƙon harbi. A 1957 kamfanin ya sayi haƙƙin wani faifan roba daga hannun Walter Frederick Morrison, wanda shi ne ya fara ƙera shi, sannan ya laƙaba masa suna Frisbee. Sunan ya samo asali ne daga wani gidan gasa burodi da kayan maƙulashe na Frisbie da ke Bridgeport, wanda ɗalibai suka saba wulla wa juna farantan kwanonsa bayan sun cinye abin da ke ciki.

A 1958 kamfanin ya yi kasuwa mai ban mamaki da wani zoben roba da ake juyawa a ƙugu, mai suna Hula Hoop. Miliyoyi suka saya a cikin 'yan watanni, sannan yayin ya wuce kamar ruwan bazara, aka bar kamfanin da tarin kaya a rumbu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cika shago da atamfar yayi, ya wayi gari mata sun koma wata, ya san irin wannan ciwo.

A 1964 ne Headrick ya nemi aiki a kamfanin, ya yi tayin yin wata uku ba albashi domin a ga abin da zai iya. Aka ɗauke shi, ba a jima ba ya zama mai kula da sashen bincike da fito da sababbin kaya. Abin da ya fahimta, wanda ya bambanta shi da sauran, shi ne cewa kayan wasan yara yayi ne mai wucewa, amma wasan motsa jiki mai dokoki da gasa yakan zauna, domin masu yin sa za su riƙa dawowa sayen kaya shekara da shekaru. Don haka ya ƙuduri aniyar mayar da faifan daga hannun yara zuwa hannun manya.

Gyaran da ya yi wa faifan

Matsalar faifan farko ita ce rawa. Idan aka wulla shi da ƙarfi sai ya yi ta karkarwa a iska, ya karkace, ya faɗi inda ba a nufa ba. Headrick ya sake masa siffa da nauyi, ya kuma zana wasu siraran zobba masu tudu, ɗaya cikin ɗaya, a gefen samansa. Zobban suna sauya yadda iska ke bin bayan faifan, su rage masa rawa, ga shi kuma suna ba yatsa wurin riƙo. Sauran aikin juyawa ce ke yin sa. Kamar yadda katantanwa ke tsayawa a kan tsininta muddin tana juyawa, haka faifai ke riƙe daidaitonsa a iska muddin yana juyawa, yayin da ƙundumin samansa ke ɗaga shi kamar fiffiken jirgi.

Wannan gyara ya samu takardar mallakar fasaha ta Amurka mai lamba 3,359,678 a watan Disamban 1967, kuma har yau masu wasan suna kiran zobban da sunan Headrick. Sai dai da yake shi ma'aikacin kamfani ne, haƙƙin ya koma hannun Wham-O, kuma abin da aka ruwaito ya karɓa a kansa shi ne dala 10 kacal, alhali kamfanin ya sayar da miliyoyin faifai da wannan zane. Tura ta kai bango ga wasu a irin wannan hali, su ƙare rayuwarsu a kotu ko cikin ƙunci. Shi bai bi wannan hanya ba. Ya ci gaba da aiki, amma ya riƙe darasin, domin ƙirarsa ta gaba da sunan kansa da kamfaninsa ya yi mata rajista.

A shekarar 1967 ɗin ya kafa ƙungiyar masu wasan Frisbee ta ƙasa da ƙasa, wadda ta riƙa ba mambobi matakan ƙwarewa da shirya gasa. Daga 1974 aka fara gasar duniya ta wasannin faifai a babban filin wasa na Rose Bowl da ke Pasadena. Abin da aka raina a matsayin kayan wasan bakin teku ya fara tara dubban 'yan kallo.

Yadda aka haɗa faifai da ƙwallon lambu

Adalci ne a faɗi cewa ba Headrick ne ya fara tunanin yin ƙwallon lambu da faifai ba. Tun a 1926 an samu 'yan makaranta a ƙauyen Bladworth na ƙasar Kanada suna jifan bishiyoyi da turakun shinge da murafun gwangwani, suna ƙirga jifa. A shekarun 1960 masu kula da wuraren shaƙatawa a Kalifoniya, irin su George Sappenfield da Kevin Donnelly, sun shirya wa yara irin wannan wasa. A birnin Rochester na Jihar New York kuma an yi wata gasa a 1974 wadda Dan Roddick ya lashe, ya tafi gida da sabuwar mota. Wasan yana nan a warwatse, kowane gari da dokarsa, kowane rukuni da abin da yake jifa: wani bishiya, wani kwandon shara, wani turken fitila.

Abin da Headrick ya yi shi ne tattara wannan warwatsattsen abu ya ba shi gida. A 1975 ya shawo kan hukumar kula da lambuna ta yankin Los Angeles ta ba shi dama a lambun Oak Grove da ke Pasadena, inda ya kafa filin farko na dindindin. Kyauta ake shiga, babu kuɗin rajista, babu tufafi na musamman. A farkon lamari turakun ƙarfe kawai aka kakkafa, mai wasa ya jefi turke da faifansa. Nan kuwa gardama ta ɓarke. Wannan ya ce faifansa ya taɓa turke, wancan ya ce bai gani ba, kuma babu alƙalin da ke bin mutane cikin bishiyoyi.

Tsohon mai walda ya koma maƙera tare da ɗansa Ken. Bayan gwaje-gwaje da dama suka fito da abin da ya kashe gardamar: turke guda, a samansa sarƙoƙi na reto, a ƙarƙashinsu kwandon ƙarfe. Idan faifai ya daki sarƙoƙin sai su shanye ƙarfinsa, ya zame ya faɗa kwando. Ko dai yana ciki, ko yana ƙasa, babu ta uku. An ba wannan ƙira takardar mallaka mai lamba 4,039,189 a 1977, kuma duk kwandunan da ake amfani da su a duniya yau jikokinta ne. Ƙarar sarƙoƙin idan faifai ya shiga ita ce ta zama tambarin wasan.

Yadda wasan yake

Tsarinsa na ƙwallon lambu ne, sai dai babu sanda, babu ƙwallo, babu rami. Fili yakan ƙunshi zango 9 ko 18. A kowane zango mai wasa yana tsayawa a wani dandamali ya wulla faifai zuwa ga kwando, sannan ya taka zuwa inda ya faɗi ya sake wullawa daga nan, har ya shiga. Wanda ya gama zagaye da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. Yawancin zanguna ba su wuce mita 60 zuwa 150 ba, kuma gwargwadon da aka saba ɗora wa mafi yawansu jifa uku ne. Faifan kansa bai wuce tafin hannu biyu ba, faɗinsa kimanin santimita 21, kuma doka ta hana nauyinsa ya haura giram 200. Akwai mai kaifin baki na jifan nesa, akwai matsakaici, akwai mai kaurin baki na jefawa kwando daga kusa. Amma sabon shiga da faifai guda ma zai iya gama wasansa.

A nan ne hikimar take. Filin ƙwallon lambu na asali yana cin hekta masu yawa, yana shan ruwa ba dare ba rana, yana buƙatar injinan aske ciyawa da ma'aikata, ga tsadar sanduna da kuɗin zama mamba. Shi ya sa a ko'ina, har da filayenmu na Kaduna da Kano da Rayfield a Jos da na IBB a Abuja, ake kallonsa a matsayin wasan manya. Wasan Headrick kuwa bai damu da laushin ciyawa ba, tunda faifan a iska yake tafiya. Bishiyoyi da duwatsu da kwazazzabai, waɗanda suke cikas ga mai gina filin ƙwallo, su ne ke ƙara masa armashi. Hasali ma a Amurka akwai gajerun filayen ƙwallon lambu na ƙananan hukumomi da masu zuwa suka ragu, aka kafa kwanduna a gefen ramukansu domin masu faifai su shigo da kuɗi kaɗan, fili ɗaya ya ɗauki wasa biyu, hukuma ta samu abin kula da shi.

Barin albashi da kafa nasa

Kamfanin Wham-O bai ga abin da Headrick ya gani a wannan wasa ba. Yana da shekara hamsin da 'yan kai, a kan babban muƙami, ya ajiye aikin ya kafa kamfaninsa mai suna DGA a 1976, domin ƙera kwanduna da tsara filaye. A shekarar ce kuma ya kafa ƙungiyar ƙwararrun masu wasan, PDGA, ya karɓi katin mamba mai lamba 001. Daga nan ya shiga yawo jiha-jiha, yana zama da jami'an lambuna yana nuna musu cewa kufan lambun da 'yan shaye-shaye suka mamaye zai iya farfaɗowa idan aka samu mutanen kirki suna zirga-zirga a cikinsa daga safe zuwa yamma. A tsawon rayuwarsa ya tsara filaye sama da 200. Abokan wasansa sun yi masa laƙabi da Steady, ma'ana mai natsuwa, saboda hannunsa ba ya rawa idan ya zo jefa faifai a kwando.

Tafiyar ba ta rasa gargada ba. Headrick mutum ne mai tsayawa kan ra'ayinsa, kuma a farkon shekarun ƙungiyar kusan komai a hannunsa yake: shi ne mai kamfani, shi ne mai ƙungiya, shi ne mai faɗa a ji kan irin faifan da za a yi gasa da shi. Matasan 'yan wasa suka fara ƙorafi. A 1982 aka yi gasar duniya ta farko ta ƙungiyar a Los Angeles, Harold Duvall ya lashe. A 1983 Dave Dunipace na sabon kamfanin Innova ya fito da faifai mai kaifin baki da ke zarce na da nesa ba kusa ba, 'yan wasa kuma suka nace sai an halatta shi. Abin da ake yaba wa Headrick a wannan gaɓa shi ne bai riƙe ƙungiyar har ta karye a hannunsa ba. A cikin shekarun 1980 ya sakar wa 'yan wasan ragamarta suka riƙa zaɓen shugabanninsu. Haka kuma ya saki haƙƙin mallakar sunan wasan domin kowa ya yi amfani da shi. Mutumin da aka taɓa sallama da dala 10 ya zaɓi ya bayar da abin da zai iya riƙewa. A 1993 yana cikin rukunin farko da aka karrama a zauren gwarazan wasan, a 2001 kuma ya ga an saka wasan a cikin gasar wasannin duniya da aka yi a Akita ta ƙasar Japan.

Rasuwarsa

A bazarar 2002, yana halartar gasar duniya ta masu sha'awar wasan a birnin Miami na Jihar Fulorida, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Aka mayar da shi gidansa da ke La Selva Beach a Kalifoniya, inda ya rasu a ranar 12 ga watan Agusta yana da shekara 78. Ya bar wasiyyar da ta yi nesa da al'adarmu da tarbiyyarmu: a ƙone gawarsa, a cuɗa tokar da roba, a ƙera faifai da ita. Iyalansa sun cika masa, aka raba wasu ga dangi da aminai, aka sayar da sauran domin tara kuɗin gidan tarihin wasan. Gidan tarihin mai ɗauke da sunansa yana cibiyar wasan ta duniya da aka buɗe a 2007 a garin Appling na Jihar Jojiya.

Bayan rasuwarsa ne wasan ya bunƙasa fiye da yadda ya gani da idonsa. Ƙasar Finland, mai mutane ƙasa da miliyan shida, tana da filaye fiye da dubu. A lokacin annobar korona, da aka rufe wuraren taruwa, jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi saboda a sarari ake yin sa, ba cunkoso. A 2021 zakaran wasan Paul McBeth ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara goma da kamfanin Discraft a kan dala miliyan 10. Tsakanin dala 10 ta Headrick da dala miliyan 10 ta McBeth akwai shekaru hamsin da 'yan kai, kuma hanyar da ta haɗa su mutum ɗaya ne ya share ta.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa mu da Ba'amurken da ya ƙare rayuwarsa yana wulla faifai. Amsa ta farko tana ga ma'aikaci da mai sana'a. Basirar da ba a rubuta ta da sunan mai ita ba, ta wani ce. Maƙeran Panteka a Kaduna da masu ɗinkin takalma a Kano suna fito da sababbin ƙira kullum, washegari a kwaikwaya, mai asali ya tashi a tutar babu, alhali akwai ofishin rajistar mallakar fasaha da tambarin kasuwanci a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya.

Amsa ta biyu tana ga hukumomi. Da jami'an Los Angeles sun yanka lambun Oak Grove sun raba filaye, da babu inda Headrick zai kafa turkensa na farko. A biranenmu filayen makarantu da wuraren shan iska suna komawa shaguna da gidajen mai, yayin da likitoci ke ta jan kunnen masu zaman ofis da na shago kan hawan jini da ciwon suga, suna ba su shawarar tattaki. Zagaye ɗaya na wannan wasa tattaki ne na kilomita biyu zuwa uku, kuma kwandonsa abu ne da mai walda na bakin titi zai iya haɗawa da bututu da sarƙa.

Amsa ta uku tana Birnin Gwari. Wanda ya san wannan ƙasa ya san irin dajin da Allah Ya ba ta: doka da ɗorawa da kaɗanya a tsaitsaye da tazara a tsakaninsu, ga duwatsu, ga rafuka. Tun 1936 Hukumar En'e ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita dubu, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Irin wannan wuri ne masu tsara filayen faifai ke nema ido rufe a wasu ƙasashe. A wurinmu kuwa shekaru suka shuɗe sunan dajin ba ya fitowa a jarida sai tare da labarin 'yan bindiga da garkuwa da matafiya a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. A ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin bayan doguwar rufewa, mutane suka fara komawa gonaki. Babu mai hankalin da zai ce wasa ne abin da ya fi gaggawa ga mutanen da suka binne 'yan uwansu suka rasa dukiyarsu. Tsaro da noma da makaranta da asibiti su ne gaba. Amma abin da Headrick ya riƙa nuna wa jami'an lambuna gaskiya ce da ta wuce wasa: wurin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, ɓata-gari ne ke gadonsa. Ranar da malamin makaranta zai iya kwasar ɗalibansa ya kai su bakin dajin Kamuku su wuni suna wasa a inuwar doka, su dawo gida lafiya kafin magariba, ranar ce za a tabbatar daji ya dawo hannun masu shi.

Ed Headrick bai riƙe sarauta ba, bai ci zaɓe ba, bai tara dukiyar a-zo-a-gani ba. Ya ɗauki abin da yara ke yi don ɗebe kewa, ya yi masa aiki na shekara talatin da takwas, ya bar shi a buɗe ga duk mai faifai guda da ƙafar tafiya. Filin da ya kafa a Pasadena a 1975 yana nan, ana wasa a cikinsa har yau.